Harawa ma amfanin gona ce: shawarwari ga mai son cin ribarta

Akwai shekarar da na sayar da harawar gonata tun tana shimfiɗe a ƙasa. Ana tsakiyar roron wake wani ɗan sari ya zo da a-kori-kura, ya zagaya gonar sau ɗaya, ya taya, na ce albarka, ya ɗan ƙara abin da bai taka kara ya karya ba, na sallama. A raina har ina ganin na yi wayo, tunda an raba ni da wahalar ɗauri da dako. Watan Afrilu na kamawa, tumakin uwargida suka koma cin takarda da leda a bakin lungu, ni kuwa na tsinci kaina a kasuwar dabbobi ina tayin dami, ana ce mini albarka. Kafin ruwa ya sauka, abin da na kashe ya ninka abin da na karɓa da kaka. Ba zan rantse cewa harawata ce na sake saya ba, amma dai ta yi kama da ita ƙwarai.

Tun daga lokacin nake lura da yadda masu cin ribar wannan sana'a suke yi. Ga abin da na tsinta.

1. A fara cire rabon dabbobin gida

Kafin a yi zancen kasuwa, maigida da uwargida su zauna su ƙirga bakunan da ke turke. Tunkiya ko akuya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta a yini. Ragon da ya kai kilo 35 yana son wajen kilo ɗaya ke nan kullum, sa mai kilo 300 kuwa sai ya haura kilo bakwai. Ba duka ne zai zama harawa ba, da kara da dusa ake haɗawa. To amma ko rabin kilo aka yanka wa kowane rago, daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Yuni kwana 180 ne da ɗoriya, wato kilo 90 ga rago ɗaya tak. In tumaki biyar ne, kilo 450. Wannan ba na sayarwa ba ne, ko nawa aka taya.

Mai shanun huɗa ya ƙara ware nasu daban. Su ne za su ja garma a makon farko na damina, lokacin da sabuwar ciyawa ba ta kai a kama da baki ba, kuma san da ya rame a bazara ba ya kai rana tsaka yana aiki.

A yawancin gidajenmu gona ta maigida ce, awaki da tumaki na mata ne. Nan ake samun saɓani: shi ya sayar bai yi shawara ba, ita kuma a bar ta da kukan dabbobi. Malam, tambaye ta tukuna. Ta fi ka sanin dami nawa ke ƙarewa a mako.

2. Ganye ake saya, ba itace ba

Mai kiwo ba ya ɗaga dami don ya ji nauyinsa kawai. Yatsu yake zurawa ciki ya ga ko akwai ganye, ya duba launi, wani har ya shinshina. Yana da hujja. Harawa mai ganye, ta wake ko ta gyaɗa, furotin ɗin da ke cikinta, wato sinadarin gina jiki, yakan kai kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wani lokaci ya fi haka. Karan dawa da wuya ya wuce kashi 4 ko 5, alhali tumbin dabba yana son aƙalla kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Mafi yawan wannan amfani kuwa a ganye yake. Harawar da ganyenta ya kakkaɓe sunanta ne kawai ya rage.

Saboda haka lokacin yanka shi ne rabin ciniki. Wake a yanke shi da zarar an yi roron ƙarshe, tun ganyen yana kore, kada a tsaya jiran 'yan ƙwayoyin da suka makara. Sau da yawa mudu biyun waken da ake jira ba su kai darajar ganyen da zai zube a makon ba. Gyaɗa ma haka: in ta nuna a cire ta, don in aka bar ta ciwon ɗigo-ɗigon ganye zai zubar da rabinsa tun tana tsaye. A kakkaɓe ƙasar saiwa sosai.

Naɗi da ɗauri kuma aikin sassafe ne, lokacin da raɓa ta ɗan tausasa ganyen. Wanda ya ɗaure harawa da azahar a cikin hunturu, sai ya waiwaya ya ga kuɗinsa ya zama gari a ƙasa. In ba makawa sai da rana, a shimfiɗa tamfol, a tattara ganyen da ya zube a zuba a buhu. Wannan garin ganyen masu ƙananan 'yan awaki har nemansa suke yi.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: waken da aka yi wa feshin maganin ƙwari dab da girbi, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika kafin a yanke. Wanda kuwa aka fesa wa maganin kashe ciyawa don ya bushe da wuri, harawarsa kada a ba dabbar gida, kada kuma a sayar wa wani.

3. Ta bushe, amma kada ta ƙone

Kwana biyu zuwa huɗu a rana, ana juyawa, yawanci sun isa. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi tsakiyar dami a murɗa. In aka ji sanyi ko danshi a tafin hannu, da saura. In ta karye rugu-rugu kamar busasshiyar kuka, an wuce gona da iri. Wadda ake so ita ce mai ɗan ƙara in an murɗa, amma ba ta wargaje ba. Masana suna cewa danshin kada ya wuce kashi 15 cikin 100.

Bayan an jibge da kwana biyu ko uku, a cusa hannu har gwiwar hannu a cikin tarin. In da zafi, a warware a sake shanyawa nan take. Harawar da aka tara da danshi tana yin fumfuna, ta yi baƙi, dabba ta ƙi ta, doki kuwa har tari da ciwon ciki takan sa shi. Ruwan ƙarshe na watan Oktoba, wanda kan zo bayan kowa ya saki jiki, shi ne babban maƙiyi. Wanda ya ga hadari ya haɗo alhali gyaɗarsa na shanye, ya bar duk abin da yake yi.

4. Ruwa, rana, gara da wuta

Kakanninmu da suke ɗora harawa a kan soro ko a tsakanin rassan bishiya sun san abin da suke yi: ta tsira daga gara da bakin awaki, iska kuma tana ratsa ta. Inda dabarar ta gaza shi ne rana. Wata biyar tana dukan dami, sai na sama ya koɗe ya yi fari, ganyen ya bi iska. Gyaran ba tsada: a rufe saman da zana, ko karan gero, ko tsohon tamfol, a danne da duwatsu, a bar gefe a buɗe. Kada a naɗe ta ruf da leda, gumi za ta yi.

Mai ɗakin da ba kowa a ciki ya fi kowa sa'a. Ya jera itatuwa ko duwatsu a ƙasa, ya ɗora harawar a kai, ya bar tazarar taku ɗaya tsakaninta da bango, ya barbaɗa toka a kewaye, ya riƙa leƙawa duk mako. Harawar da ta yi wata shida a inuwa tana fitowa da korenta, kuma a bazara wannan koren kaɗai ya isa ya bambanta farashinta da na maƙwabciyarta.

Sai wuta. Kada a tara harawa kusa da madafa, ko ƙarƙashin wayar lantarki, ko inda yara ke jin ɗumi da sanyin safiya. In da hali a raba ta wuri biyu. Da idona na ga rumfar harawa ta cinye ƙurmus kafin a jawo guga uku daga rijiya, mai ita yana tsaye riƙe da bokiti.

5. A riƙa duba kalanda biyu

Nan ne kuɗin yake, don haka bari in ɗan daɗe.

Kalanda ta farko ta yanayi ce, kowa ya san ta. Da kaka harawa ta cika ko'ina, daji da gonaki ma cike suke da abin kiwo, farashi yana ƙasa. Daga Fabrairu sai ya fara hawa. Afrilu da Mayu ya kai ƙololuwa, kuma ba abin mamaki ba ne damin kaka ya ninka kuɗinsa sau biyu ko fiye. Abin da wasu ba su lura da shi ba shi ne, ruwan farko ba ya karya farashi. Makonni biyu zuwa uku da ke biye da shi su ne mafi tsanani ga dabba: busasshiyar ciyawar daji ta jiƙe ta ruɓe, sabuwa ba ta taso ba, ga huɗa ta kama. Amma da zarar ƙasa ta yi kore, kasuwa ta watse, ragowar harawarka sai dai ka roƙi mai saye. Tunda damina tana riga sauka a Zariya kafin Kano, Kano kuma kafin Maraɗi da Damagaram, kowa ya yi lissafi da na yankinsa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen saukar damina a farkon kowace shekara, kuma gidajen rediyo suna karantawa da Hausa. A saurara, ko da ba za a ɗauke shi kamar yankan wuƙa ba.

Kalanda ta biyu ta Musulunci ce. Babban mai sayen harawa a ƙasar Hausa shi ne mai turka ragon Layya, shi kuwa yakan ɗaure ragonsa wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah. A 2015 da 2016 Sallar ta faɗo a watan Satumba, ana tsakiyar ɗanyar ciyawa, mai turka bai damu da harawa sosai ba. Yanzu lamarin ya juya. A 2023 an yi ta a ƙarshen Yuni, a 2024 a tsakiyarsa, a 2025 a makonsa na farko, ta 2026 kuwa ƙarshen Mayu. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, ta yadda zuwa 2030 sai wajen tsakiyar Afrilu. Ma'ana, a waɗannan shekaru turkar Layya gaba ɗayanta a cikin rani da bazara ake yin ta, lokacin da ba abin da rago zai ci sai abin da aka saya masa. Wanda ya ajiye harawa mai kyau, wannan zamaninsa ne.

Sai dai a kula da ɗaya gefen. Washegarin Sallah, dubban bakunan da ke cin harawa sun shiga tukunya. Wanda ya riƙe kayansa yana jiran ƙarin naira ɗari har aka sauko daga Idi, zai iske masu saye sun ragu ƙwarai, sai masu shanun huɗa da masu dawaki. Kuma tunda Sallar tana matsowa, buƙatar ma tana fara tashi da wuri kowace shekara. Lissafin bara ba zai yi wa bana daidai ba.

Wani zai ce, ashe ba ɓoye kaya ake koya mana ba? A ganina, wanda ya adana abin da ya noma da hannunsa don ya fitar lokacin da ake buƙata, daban yake da wanda ya bi ƙauyuka ya kwashe na kowa ya kulle don ya matse jama'a. In kowa ya zubar da tasa da kaka, a watan Mayu dabbobin gari me za su ci?

6. Kada a fitar gaba ɗaya

A kasa abin sayarwar kashi uku. Kashi ɗaya, wanda ya fi rauni, wanda ruwa ya ɗan taɓa ko ganyensa bai cika ba, a sayar tun da kaka a biya 'yan ƙwadago da bashin taki, don ajiya ba za ta ƙara masa kyau ba. Kashi na biyu a fitar in masu turka sun fara ɗaure raguna. Na uku, mai koren nan na cikin ɗaki, shi ne na makonni shidan ƙarshe kafin kasuwa ta watse. In farashi ya yi tashin da ba a zata ba, kana da saura. In ya faɗi, ka riga ka ci rabonka.

7. Kowane mai saye da abin da yake so

Mai turka a cikin gari yana son harawar gyaɗa a buhu, don ba shi da wurin ajiye dami, kuma ba ya son ɓarna. Matan aure masu akuya biyu ko uku a tsakar gida suna saye kaɗan-kaɗan, kullum ko duk bayan kwana biyu, yaro ake aikowa. Cinikinsu ƙanana ne amma ba ya yankewa, kuma in aka tara shi ya fi na sari riba nesa. Wannan kasuwa ce da uwargida za ta iya riƙewa daga cikin gida, kamar yadda take sayar da ƙuli-ƙuli ko daddawa.

Masu dawaki, na fada da na hawan Sallah da na wasan folo a Kano da Kaduna da Katsina, sun fi kowa tsantseni. Ba sa karɓar mai ƙura ko fumfuna, amma in suka yarda da kayanka ba sa ja da farashi sosai, kuma duk shekara za su neme ka. Akwai kuma fataken da ke loda shanu da raguna a tirela zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu, waɗanda ke buƙatar abin da dabbobin za su ci kafin lodi da kuma inda za a sauke su. Waɗannan a manyan kasuwanni ake samunsu: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Potiskum ranar Laraba, Ɗambatta da Mai'aduwa da Illela ranar Lahadi. Wanda zai kai kaya irin waɗannan wurare ya isa tun jajibiri ko da asuba. Dabbar da ta kwana a hanya da yunwa take isowa, mai ita ba ya dogon ciniki.

Lambar waya ta mai saye dukiya ce. A ajiye ta. Kafin a ɗaure kaya a kira mutum biyu ko uku a ji farashin ranar. Hoton dami a WhatsApp, an buɗe cikinsa ana ganin ganye, ya sha sayar da mota guda ba tare da an taka kasuwa ba.

8. Dami ya zama dami

Harawa ba ta da mudu, da ido ake cinikinta, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa. Maganinta shi ne ka daidaita naka. Yanke igiyoyin ɗauri tsawo ɗaya, ko ka sayi ɗan sikelin rataye irin na masu sayar da kaji ka auna dami goma ka san matsakaicin nauyinsu. Ko ba a saye da kilo a kasuwarku, kai dai ka san abin da kake sallamawa, kuma za ka iya kwatanta tayin mai buhu da na mai dami.

A ware mai kyau daban, matsakaiciya daban, kowacce da kuɗinta. Abin da ke kashe wannan sana'a shi ne algus: a naɗe ciyawa ko jiƙaƙƙiyar harawa a tsakiya a lulluɓe da kore, ko a zuba yashi a gindin buhun harawar gyaɗa don ya yi nauyi. Kowa ya san labarin da malamai ke kawowa na tarin abincin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a ciki ya ji danshi, da irin gargaɗin da ya yi wa mai shi. Ban da alhaki ma, wauta ce. Mai rago zai kwance damin a gidansa da yamma, kuma ya gane fuskarka.

Gyara kuwa kada a raina ta. Ɗan ƙullin ganye da aka ɗora wa mai saye bayan an gama ciniki shi ke dawo da shi mako mai zuwa.

9. A yi lissafin dako kafin a yi murnar farashin birni

Harawa kaya ce mai cika mota ba nauyi, kuma direba da wurin da ta cinye yake caji. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya zama shi ne ke yanke hukuncin ko tafiya birni za ta biya. Misali, a ce dami yana naira 1,000 a ƙauye, a birni 1,500. Dami 100 ke nan bambancin 50,000 ne. Cire kuɗin mota, da na masu lodi da saukewa, da kuɗin shiga kasuwa, da la'ada, da abin da za a tsaya bayarwa a hanya, da abincinka na yini, da ganyen da zai zube. In abin da ya rage bai kai ladan wahalarka ba, sayar a ƙofar gida ka huta.

Dabara biyu na rage wannan. Ta farko, maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kaya a mota ɗaya, kowa ya sa wa damansa alama da launin igiya, mutum ɗaya amintacce ya raka. Ta biyu, a matse kayan. Kafinta zai iya haɗa akwatin katako marar gindi. A shimfiɗa igiya biyu a ciki, a zuba harawa da sassafe tana da laushi, a tattake, a ɗaure, a zare akwatin. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai kusurwa huɗu, yana jeruwa kamar bulo a ɗaki da mota, ganyensa kuma ba ya zuba. Inda tafiyar ba nisa, amalanken shanu ko na jaki har yanzu ba abin da ya kai shi sauƙi. A Yamai ma har da raƙuma ake shigo da harawa cikin gari.

10. Dillali, bashi da alat

Dillalin kirki yana da rana, musamman a kasuwar da ba a san ka ba. A yanke la'adarsa tun kafin a sauke kaya, kuma ka tsaya a wurin in ana sallamawa. In aka yi ciniki kaya na gida, a karɓi kafin alƙalami, a sa ranar ɗauka, a kuma faɗa a gaban shaida cewa in ranar ta wuce ruwa ya taɓa kayan, asarar ta mai saye ce.

Mai turka zai ce maka, “Alhaji, bari in na sayar da ragunan Sallah in kawo maka.” Wasu suna cikawa. Amma in kasuwar raguna ta yi kwantai, kai ne na ƙarshen da zai tuna. Kada bashin da ke waje ya wuce abin da za ka iya yafewa.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 tura kuɗi ta waya ya shiga ƙauye, 'yan damfara ma suka biyo shi. Saƙon alat da ya shigo waya ba kuɗi ba ne. A duba asusu, ko a je wurin mai POS a tabbatar, sannan mota ta tashi.

11. In za a sayar wa makiyaya a tsaye

Wani lokaci ya fi sauƙi a sayar wa Bafulatani abin da ya rage a gona ya shigo da shanunsa su ci. A da manomi ne ke ba makiyayi dawa don ya kwana da garke a gonarsa saboda taki. Yau makiyayi ne ke biya. Ba laifi, amma a yi shi a fili: a gaban mai unguwa da arɗo, a nuna iyakar gona, a sa ranar shiga da ta fita. Kada a taɓa sallamawa alhali maƙwabcinka bai kwashe amfaninsa ba. Fitina da yawa da ta kai ga zubar da jini daga irin wannan cinikin na mutum biyu a bayan gari ta fara. A Nijar hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta sa sai da izini ake tara ciyawar daji don sayarwa. Mai wannan sana'a a can ya fara biyawa ta ofishin magajin gari.

12. Kara, kowa da ingirici ma kuɗi ne

Kowar wake kada a bar ta a masussuka, a buhu ake sayar da ita. Karmamin dawa, 'ya'yan gawo, da ingiricin kyasuwa ko harkiya da aka yanka tun kafin su yi ido, duk suna da masu nema. Karan dawa da na masara in aka kai injin da ke daddatsa su, dabba takan cinye kusan duka maimakon ta tsince ganye ta bar sanda, kuma buhunsa ya fi damin kara daraja. Wasu suna haɗa shi da garin harawa da dusa su sayar a matsayin haɗin turka. In za ka yi haka, faɗa wa mai saye abin da ke ciki.

13. Harawar baɗi tun wajen zaɓen iri take farawa

Ba banza manoman Kano suka riƙe Kanannado ba duk da jinkirinsa: yaɗo yake yi ya rufe ƙasa, harawarsa ta cika soro. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, tare da IITA da ICRISAT, ta fitar da irin da ke ba da ƙwaya da harawa a tare, kamar wake SAMPEA 11 da gyaɗa SAMNUT 21 da 22. SAMNUT 24 mai saurin nuna ce, kuma masu noman rani suna shuka ta a fadama. Ka lura da lokacin da gyaɗar rani ke isa cira: Afrilu zuwa Mayu, daidai lokacin da harawa ta fi tsada, ga ta kuma sabuwa kore shar. Mai fili a bakin ruwa ya yi wannan lissafin. Wanda kuma yake son noman abincin dabbobi zalla, ya nemi bayanin waken lablab a cibiyar NAPRI da ke Shika ko wurin malamin gona.

14. Amalanke kada ya dawo wayam

Duk damin da ya bar gona, wani abu na ƙarfin ƙasar ya tafi da shi. Gonar da ake share ta tas kowace shekara, ba kara ba ganye, iskar bazara ce ke kwashe samanta, shekara kaɗan sai ka ji ana cewa ta gaji. A bar mata wani abu, ko da guntayen kara ne a kwance. Sannan in ka kai harawa gidan mai turka ko bargar dawaki, ka dubi bayan turken. Takin da ya tara a can damunsa yake yi, wani ma neman mai kwashe masa yake. Sa shi a cikin ciniki: ka rage masa kaɗan, ya bar maka takin, abin da ya kawo harawa ya koma da shi. Jakunan da ke shiga birnin Kano da itace da harawa tun zamanin kakanni, da mangalar taki suke komawa ƙauye.